Injin Kawu na Ƙarshe

Kawuna bakaniken babura ne, shekara talatin da ɗoriya a rumfa ɗaya mai yoyo. Mai Soso ake ce masa, don duk babur ɗin da aka kawo sai ya buɗe akwatin filta ya zaro soson nan mai tace iska kafin ta shiga inji. Ya wanke, ya matse, ya ɗiga masa mai, ya murza a tafin hannu.

"Taya ce fa ta sace, Mai Soso, wa ya aike ka can?" in ji masu babur.

"Kai ma da za ka tsaya, da na wanke maka hancinka," in ji shi.

Ana nan sai hannunsa ya fara rawa. Da fari sifana ce ke suɓucewa, daga baya ƙananan notuna suka gagare shi. Ya san aiki ya zo ƙarshe. Sai ya ƙudurta cewa kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya, zai haɗa wa Autansa babur ya riƙa kai saƙo cikin gari, gida ya samu madogara. Daga matattun babura uku ya tsinto kayan. Aikin da a da yake gamawa a yini, sai da ya ci masa shekara guda. Ranar da injin ya tashi, matarsa ta ga ya juya baya yana goge ido. Wai hayaƙi ne.

Auta ba mutumin banza ba ne, magidanci ne har da 'yarsa. Sai dai abokan aikinsa duk sun saka wata jar filta mai siffar mazurari, wadda ake cire akwati a ɗaura ta tsirara a bakin kafireta, inda iska ke haɗuwa da fetur. Babur ya riƙa gurnani, ya ƙara ɗan gudu. Wata rana da la'asar sai ga Auta shi ma ya saka ta, ya shigo layi da ƙara kamar tifa.

Kawu ya leƙa gefen babur ɗin. "Ina akwatin?"

"Baba, akwatin nan shaƙe injin yake yi. Ka ji yadda yake numfashi yanzu?"

"Na ji. Har yashi yake shaƙa."

"Mai shagon ya ce wannan ba ta mutuwa, wanki kawai take so."

"To, tana son mai bayan wankin. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Wankin kam Auta ya riƙe shi, ɗan ubansa ne. Duk mako sai ya tsoma ta a fetur, ya shanya a rana. Man ne dai bai saka ba, don in ya saka jan launinta yana dishewa, ƙura ta manne, abokai su yi masa dariya. Ga hanyarsa ta kullum ta bi ta inda manyan motoci ke sauke yashi.

Wata huɗu. Babur ya fara tuƙa hayaƙi, ya fara shan baƙin mai, wata safiya ya ƙi tashi.

Auta ne ya kwance notunan, Kawu ya zura yatsa cikin silinda. Duk ta kakkarce. Ya ɗaga jar filtar a rana, haske na fitowa ta ko'ina kamar rariya.

"Ka wanke ta tas kuwa," kawai ya ce.

"Baba, mu sake haɗawa. Ka faɗa, ni in ɗaura."

Kwana uku suna fama. Amma abin da hannun Kawu ya sani, bakinsa ya kasa faɗa. "Sassauta kaɗan... a'a, ba haka ba... kawo." Ya karɓi zoben fistin, siririn ƙarfen nan na cikin silinda, hannun ya girgiza, zoben ya ce ƙas. Ya ɗauki na biyu, shi ma haka. Sai ya cusa hannayensa tsakanin gwiwoyi.

"Rufe injin," in ji Kawu.

Yanzu Auta dako yake a wani sito. Injin yana cikin baho a ƙarƙashin gado, an lulluɓe da tsohon zane. Akwatin filtar kuwa Kawu ya tsinto shi a bayan gida. Har yau duk mako yakan zaro soson ya wanke, ya ɗiga masa mai, rabi na zuba a ƙasa.

"Malam, me za ka yi da shi kuma?" in ji matarsa.

"Kar dai ya bushe."