Uku Aka Rubuta Wa Goggo Dije

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Goggo Dije makwancinta a Babura. Matar baffana Isa ce, wanda fataucin shanu ya kai shi wata ƙasa mai nisa tun ban zo duniya ba. Can ya aure ta, can suka hayayyafa. Mu a labari kawai muka san shi. Ita kaɗai ta iso mana, a bayan motar hatsi, bayan an bi unguwarsu gida-gida an yanka duk wanda aka ji yarensu a bakinsa. Mijinta da 'ya'yanta duk a nan suka ƙare.

Ta shekara biyar a wurinmu, sai ga wata Baturiya lauya da abokin aikinta daga wata kotun duniya mai hukunta kisan ƙare dangi. An kama mutumin da ya jagoranci yankan, suna neman shaidu. Da yake ina koyar da Turanci a wata sakandare a Kazaure, ni aka sa tafinta. Har da sa babbar riga, ina jin yau za mu ƙwato wa Goggo haƙƙinta. Kaicona!

A zauren gidanmu muka zauna. Lauyar ta tambayi 'ya'yanta nawa aka kashe. Goggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Uku." Ta lissafo Umaru, Hauwa da Sa'adu.

Wallahi na san huɗu ne. Mahaifiyata ta taɓa tsegunta mini akwai babbansu, saurayi da ya isa aure. Amma Goggo Bafulatana ce ta usul: ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi a gaban mutane, ko da kuwa ya mutu. Ni kuma an rene ni a kan ba a gyara wa babba magana a gaban baƙi. Ita ta ji kunyar ɗanta, ni na ji kunyarta, na juya na ce wa Baturiya uku. Aka rubuta, Goggo ta dangwala yatsa.

Bayan wata biyu da fara shari'a takarda ta zo daga kotun. Ashe wani maƙwabcinsu da ya tsira ya shaida cewa huɗu ne, kuma mutumin da ake tuhuma shi ya yanka babban da hannunsa, a gaban uwar. Lauyan mutumin ya ɗaga takardun biyu, ya ce ina aka taɓa ganin uwar da ba ta san yawan 'ya'yanta ba? Ko ita ko maƙwabcin, ɗaya na ƙarya. Aka jingine shaidarsu duka. Kafin a kammala sauran tuhume-tuhumen mutumin ya mutu a gadon asibiti, likitoci na kansa.

Na same ta tana tsince wake, na durƙusa na karanta mata. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Habu, shi da ya yanka shi ba a ce masa maƙaryaci ba, sai ni?" Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah.

Yanzu kullum rediyo sai ka ji manya sun yi taro a otal, sun rantse ba za a sake irin wannan kisan ba. Kafin su nannaɗe tutocinsu an fara a wani wurin. Da Goggo na raye, ba na jin ko tsaki za ta ɓata musu. Haushinsu nake ji, amma ƙarya nake in na ce su kaɗai ne masu laifi. Mutanen kotun nan sun zo da tambayoyinsu ba su san mu ba. Ni na san mu, na yi shiru.

Bara wasu masu gina bangon tunawa da waɗanda aka kashe suka aiko mini, suna neman sunayen 'ya'yanta. Na hau babur na zagaya dangi har Roni da Gwiwa. Mahaifiyata ta rasu, maƙwabcin nan ya rasu, tsofaffin da suka rage kowa sai ya ce, "Ai ba ta taɓa faɗa ba." Ni ma duk zaman da muka yi ban taɓa neman wata dabarar jin sunan ba.

Ladabinta ya saura a bakin mutane, har iyaye na kafa misali da ita. Allah ya jiƙan ki, Goggo. Ɗanki dai ba shi da kabari, ba shi da suna, kuma da bakina aka share shi.