Lallen Inna a Sansanin Soja

Shekarar da aka kai ƙanena dajin Borno babu layin waya a inda suke, sai wasiƙa. Duk sojan da ya samu hutu yakan kawo ta tashar Kazaure, direba ya ƙaraso mana da ita Roni. Ni nake karanta wa Inna, don ni na yi firamare, kuma ba na tsallake ko kalma ɗaya, ina tsoron ɗaukar alhaki.

Ba ya maganar yaƙi. Zancensa sauro ne, da ruwan sha mai ɗanɗanon kanwa, da tambayar ko an yi wa gero maimai, ko tarin Baba ya lafa. Da damina ta yi tsakiya sai ya rubuto cewa cin ruwa ya kama ƙafafunsa, saboda wuni da kwana cikin jiƙaƙƙen takalmi. Tsakanin yatsun ya tsage, man shafawar da likitansu yake ba su ya ƙare, yana ɗingishi. Sojan da ba ya iya gudu, me ya rage masa?

Inna ta tashi ta nufi bayan gida. Ta tsinko ganyen lalle, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, kamar yadda take yi mana muna yara in mun daɗe a fadama. Da na gane aika masa za ta yi, na yi ta kawo mata dalilai: za a yi masa dariya, wataƙila babbansu ya hukunta shi, wataƙila a shingen bincike a ɗauka wani mugun gari ne.

"Rubuta masa ya kwaɓa da lemon tsami," in ji ta. "Ƙafar nan ni na haife ta, ba babbansu ba."

Na rubuta. A jikin ledar da muka ƙulla garin ma na sa da manyan baƙaƙe cewa lalle ne, gaba da baya.

Amsa ta zo ana yankan gero. "Yaya, sunana ya koma amarya, har guɗa ake yi mini in na cire takalmi." Ya ce tsagar ta rufe, ya koma sintiri, kuma waɗanda suka fi yi masa tsiya yanzu ƙafafunsu sun fi nasa ja. Ya roƙa a ƙaro.

Na karanta wa Inna har ƙarshe. Ta tambaya ko ya ce yana shanya safarsa. Na sake dubawa, bai faɗa ba.

"To, ɗauko biro," ta ce, ta jawo turmi.