Kawu Tanko Mai Ɗanɗanar Ƙasa

Ku da kuka san Kawu Tanko na Kona, kun san ba ya karya kumallo sai ya ɗanɗani ƙasa. Ya duƙa a ƙofar gida, ya ɗebi rairayi da yatsu biyu, ya sa a harshe, ya lumshe ido kamar mai gwada gishirin miya, sannan ya yi shela: "Ruwa jibi!" Jibin ta zo, ko ɗigo babu. In ka tuna mishi sai ya ce, "Ni abin da ta gaya mini na faɗa. Je ka tambaye ta dalilin ƙaryarta."

Wan mahaifiyata ne. Ina shekara ta biyu a jami'a a Maradi mushenmu, wato malaminmu, ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta tahi ƙauye ta wayar da kan mutane game da sauyin yanayi, kuma a kan aikin nan za a ba mu maki. Ni da bakina na ce wa abokaina huɗu mu je Kona, ina da kawu can. Wayyo ni Rabi!

Da la'asar muka tara mutane a ajin lakwal, muka rufe tagogi, muka tada inji. Isufu, shugaban ƙungiyarmu, ya haska hoto a bango: wata ƙatuwar farar dabba tsaye bisa guntun ƙanƙara. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, matsalarmu ita ce shanjiman kilimatik."

Kawu ya ɗaga sanda. "Shanjiman ɗan wa? Na wane gari?"

"Baba, ba mutum ba ne. Ƙanƙara ce ke narkewa, dabbar nan ta rasa wurin zama."

"Allah sarki! Karen na wa ne?"

"Ai ba kare ba ne, Baba."

"To, a gai da mai shi. Mu nan sau biyu shukarmu ta ƙone bana. Kun zo da hotonta?"

Aji ya kwashe da dariya, mutane suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna da manyan takardu masu zane da muka ba shi ya liƙa a gari. Washegari muka tarar ya naɗe su a jikin ƙananan itatuwan gao na gonarshi, wai kada awaki su ci. Awakin kuwa suka bar iccen suka cinye takardun sarai. Isufu kamar ya yi kuka.

"Haba Baba! Sati biyu muna rubuta su!"

"Ba kai ka ce saƙon ya kai ga kowa ba? Ga shi awaki sun haɗiye. Mutanenka na jiya ko taunawa ba su yi ba."

Bai rufe baki ba ya daka tsawa: "Kai, ɗaga ƙafarka!" Isufu ya yi tsalle, yana tsammanin kunama ce. Ashe tohon gao ya taka.

"Kun ga mai ceton duniya, ya take mata ɗa!"

Daga nan ya zaunar da mu a inuwa ya ce, "Ku daina gaya mana abin da muka riga ku gani. Ku tambaya mana!" Kwana uku yana jan mu gida-gida, mu riƙe da wayoyi muna naɗar murya. Wata tsohuwa ta ba mu labarin tabkin da a da yake kai su har tsakiyar rani, yanzu kaka ma ba ya kaiwa. Wani makiyayi ya lissafo mana ciyayin da suka ɓace. Mu kuma muka ƙara namu da Hausa tsantsa, kan irin hatsi mai saurin nuna da amfanin barin toho in ana sassabe. In wani ya kuskura ya sako Faransanci sai Kawu ya buga sanda ƙasa: "Sake!"

Muka haɗa muryoyin muka yi shiri, aka sa shi a rediyo a Tasawa, mutane suka yi ta bugo waya har daga garin Sarkin Hausa. Da maki ya fito na kira shi da murna.

"Kawu, sha shida muka samu cikin ashirin!"

"Sauran huɗun wa ya cinye?"

"Mushe ne ya riƙe."

"Ki ce mishi ya aiko mini su ko a moto ne. Ni na yi aikin."

Bara da rani ya rasu, bayan jinyar kwana uku. Ina wurin aiki a rediyo aka kira ni, ban ko samu jana'iza ba. Inna ta ce mini ranar ƙarshe ya tambaye ta ko Rabi na nan tana magana a akwatin nan. Da ta ce ina nan, sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ina jin ta kullum, kada dai ku gaya mata."

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya sada mu a Aljanna. Amin.