Koriyar Rigar Ƙanena

A shekarar da ƙanena ya fara rakiyar shanu zuwa kudu a bayan tirela, wata safiya labari ya iso mana Gwangwan cewa motarsu ta kife. Na kira lambarsa, a kashe. Kafin azahar wani maƙwabcinmu ya samo bidiyon wurin, ya tura mini cikin 'yar ƙaramar wayata mai madannai.

Na danna. Fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin, murya kaɗai ke fita: kukan shanu, salati, da wani yana nishi yana kiran uwarsa. Wayar maƙwabcin ma haka take yi. Inna na tsaye a kaina tana cewa in sake sawa. Duk wanda ya yi nishi sai in ji kamar muryar ƙanena ce. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na hau babur sai Rogo, shagon mai tura wa mutane fina-finai a waya. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba. Ya duba ya ce, "Malam, da babbar waya aka ɗauka, taka ba ta iya karanta irinsa. Sai an juya shi zuwa 3GP, irin wanda ƙananan wayoyi ke buɗewa. Amma fara gani a kwamfuta."

Na kalla da ido ɗaya a rufe. Can na hango wani ta baya yana jan saniya, sanye da koriyar rigar ƙwallon da ni na ba ƙanena. Na yi hamdala da ƙarfi. Sai dai Inna ba ta karɓar "an ce", sai abin da idonta ya gani. Na ce a juya mini. Ya ce hoton zai ƙanƙance, fuskoki za su dagule. Na ce ya dagule ɗin. Kwamfutar nan ta dinga jan jiki, har na ji kamar in kai mata duka.

Da na isa gida mata sun fara taruwa a tsakar gida. Bidiyon ya buɗe, amma mutanen ciki sun koma kamar ana hango su ta cikin leda. Inna ta kai wayar daf da hancinta. Na ce, "Ga shi nan, Inna, mai koriyar riga."

Ta ƙura wa mai rigar ido. Sannan ta ce, "Rigarsa ce. Ba tafiyarsa ba ce."

Na so in yi gardama, amma na san gaskiyarta: rigar na gani na yi ta murna, ban duba mutumin ba. To ina mai rigar? Waɗanda ke kwance a bakin titi ba sa motsi.

Ta sa na yi ta maimaitawa. Can ta ɗora farcenta a kan wani duhu-duhu kusa da tayar motar, wanda na ɗauka buhu ne. Buhun ya ɗaga hannun hagu ya sosa ƙeya. Ƙanena bahago ne, kuma tun yana yaro haka yake yi idan ya shiga uku.

Daga baya ya dawo da karaya a ƙafa, ya ce aron rigar ya ba abokin tafiyarsa. Amma a ranar Inna ba ta tambayi riga ba. Zama ta yi daɓas a ƙasa, wayar a ƙirjinta, tana cewa, "Yana motsi. Ɗana yana motsi."