Ɗankwalin Uwa a Cikin Kwalba

Kowace safiya, kafin ta ajiye jaka, Sista takan zaga ɗakin bakwaini na asibiti ta leƙa kwalaben da ake renon su a ciki. "Manyan gari, kun tashi lafiya?" Sai ta wanke hannu, ta ɗauki farantinta mai ƙananan kofuna, ta hau bene zuwa ɗakin matan da aka yi wa tiyata. Can take zama a bakin gado tana taya uwa tatsar nono, ko da ɗigo kaɗan ne. In za ta sauko kuma sai ta ce uwar ta kwance ɗankwalinta ta ba ta. Daga nan sunan ya bi ta: Sista Mai Ɗankwali. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Shekarun baya aka ciro 'yarmu ta fari, lokacinta bai yi ba. Tana ƙasa cikin kwalba da siririyar roba a hanci. Uwarta tana sama, zazzaɓi ya rufe ta bayan aiki, an hana ta saukowa. Ni kuma ina kan matakala, ina tare duk mai fararen kaya da tambaya.

Abu ɗaya ke cin ran matata. "Yarinyar nan ba za ta san ni ba. Hannun wasu ta fara ji." Tun tana faɗa har ta juya fuska bango, ta daina tatsa. Nonon ya fara ɗaukewa.

Sista ta hau ta same ta. "Ƙanwata, ba ni ɗankwalin nan."

"Ya yi datti, Sista. Bari babanta ya kawo wankakke."

"Wankakke ai ƙamshin sabulu yake. Sabulu ne ya haife ta?"

Sista ta ninke shi, ta sauka da shi, ta shimfiɗa a ƙarƙashin kan jaririyar. Ƙyallen da yarinyar ta kwana a kai kuma ta haura da shi, ta ɗora wa uwar a ƙirji. Matata ta shinshina shi ta fashe da kuka. Ba a jima ba gaban rigarta ya jiƙe.

Haka Sista ta yi ta kai da kawowa, ƙyalle ya hau, ɗankwali da kofi su sauko. Ni ma ban tsira ba. "Baban yarinya, tunda hawa da sauka kake so, riƙe mini farantin nan. In ka zubar, kai za mu tatsa."

Ranar da aka bar matata ta sauko, Sista ta cire wa yarinyar komai sai ƙunzugu, ta zura ta cikin rigar uwar, fata da fata. Ƙaramin kan nan ya yi ta juyawa yana lalube, ya kuskure, ya sake, sannan ya kama. Sista ta gyara wa matata kafaɗa ta ce, "Kin gani? Ai kun daɗe da sanin juna."

Sista, ke ce kika haɗa uwa da 'ya da ƙafafunki, har benen nan ya cinye miki gwiwoyi. Mai faranti, uwar bakwaini. Wadda kika ba nono da cokali yau ta fi uwarta tsawo, ga baki, ga dariya. Har yanzu in ranta ya ɓaci, a wuyan uwarta take cusa fuska. In na ga haka sai in tuna ƙarar silifas ɗinki a matakala.

Jiya muka kai mata sabon ɗankwali, yarinyar da kanta ta zaɓa. Sista ta kai shi hanci, ta mayar mata. "Wannan ba ya ƙamshin kowa, 'yata. Ɗaura shi kwana biyu ki kawo mini."

Mun gode, Sista. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki huta. Ku kuma da za ku gaji farantin, in uwa tana sama ɗanta yana ƙasa, kada ku ji ƙyuyar bene.

Ɗankwalin yana kan 'yata yanzu haka. Ta hana uwarta wankewa.