Bindigar Kaka da Man Gyaɗa

Duk ran da na ɗiga wa keken ɗinkina mai, sai na tsaya ina shaƙar ƙamshin, har maƙwabciyata a kasuwar Matameye ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Ba ta san bindigar kakana nake tunawa ba. Da irin wannan man yake shafe ta.

A hannunsa na tashi, shi da kakata, a wani gari tsakanin Matameye da Dungu. Uwata kuwa tana can wani ɗan ƙauye bayan fadama, sai da Sallah take zuwa. Bindigar ta girmi ubana. Wani Nasara likitan dabbobi ne ya bar wa Kaka ita, da takardarta, bayan ya shekara yana nuna masa hanyoyin daji. Irin wadda ake jan katakon da ke ƙarƙashin bakinta baya, a tura gaba, ta ce ƙaras-ƙaras, sabon harsashi ya hau. Biyar take ci. Katakonta ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda gumin hannu, har da gurbin babban yatsan Kaka a jiki.

Ka san maharban garinmu 'yar ɗure suke riƙewa, in an harba sau ɗaya sai an zauna an sake cusa albarushi. Shi ya sa aikin shelar ganin wata ya zama na Kaka. In mutanen ƙauyuka suka ji harbi ɗaya, su ce wani ne ya ga zabo. In suka ji biyar a jere, to an ga wata, gobe Sallah. Mata su hau daka, uwata ta ɗaure ƙunshin kayana, da hantsi in gan ta a ƙofar gida. Ni kam a lokacin na ɗauka bindigar ce ke kiran ta.

Wata damina ruwa ya ci katangar ɗakin Kaka, rufin ya zube a kan bindigar. Kwana uku tana cikin laka kafin a tono ta. Baffana, ƙanen ubana, ya duba ya ce ta mutu. Dama wani Alhaji mai fatauci ya daɗe yana zawarcinta, ya ce zai ba da rediyo da keke sabo a madadinta. Baffa ya ƙwallafa rai a kan keken nan, kullum maganar kenan.

"Baba, ƙarfe ne fa, ya gaji," in ji shi. "Rediyo ma zai faɗa mana an ga wata."

"Rediyon zai faɗa wa na bayan fadama?" Kaka ya tambaye shi. Sai kuma ya ce, "To, ji nan. Daren Sallah in ta ƙi tashi ko sau ɗaya cikin biyar, ka kai wa Alhajinka."

Wayyo, ran nan ban ci tuwo ba! A lissafina in bindiga ta tafi, uwata ta tafi.

Azumin shekarar ya faɗo da kaka, ana yankan gero, an baza gyaɗa a tsakar gida. Kullum bayan la'asar Kaka zai shimfiɗa buzu a gindin itacen bedi, ya kwance bindigar gunduwa-gunduwa, yana gogewa da tsumma yana ɗiga mata mai. Ni ce mai tsare ƙananan ƙarafan kada kaji su watsar. Yana aiki yana tsokanata, wai mai hanci irin nawa ba za ta samu miji ba sai shi ya yi haƙuri. Ni kuma in ce wa zai auri tsoho mai haƙori huɗu.

Ana saura kwana biyu a duba wata na ga man nasa ya ƙare, kwalbar ta bushe ƙaf. Sai dabara ta zo mini, irin ta mai shekara takwas. A gidanmu komai ya bushe man gyaɗa ake sa masa, kaushin ƙafa, ƙyauren da ke kuka, har kan jariri. Na faki idon kakata na ɗebi ludayi guda daga wanda ta matse na ƙuli-ƙuli, na shiga ɗaki na tuttule wa bindigar nan, ciki da waje, har tana ɗiga. Na fito ina jin kaina kamar na gina masallaci.

Ranar ashirin da tara da la'asar Kaka ya ɗauko ta, sai ya yi salati. Kiyashi ne baƙi ƙirin tun daga baki har gindi, ga yashi ya manne da man ya zama kunu. Ya ja katakon, ya ƙi motsi. Baffa na tsaye, bakinsa har kunne. Ni kuwa na fashe da kuka na faɗi abin da na yi.

Kaka ya dube ni, ya dubi bindiga, sai ya kama dariya har rawaninsa ya kwance.

"Ja'ira! Soya ta za ki yi mu sha ruwa da ita?"

Ya sa aka zazzage kananzirin fitila, ya wanke ta tas. Kakata ta tafi da kanta gidan tela ta roƙo mai a murfin kwalba, tana tafe tana zagina. Rana tana faɗuwa yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ko gwaji bai samu ya yi ba.

Muka fita bakin gari inda jama'a ke duban yamma. Can wani ya yi ihu ya nuna, ga jinjirin wata siriri a saman gawo. Liman ya tabbatar. Kaka ya ɗaga bakin bindigar sama, ni na toshe kunne amma ina ƙirgawa. Ɗaya. Ƙaras-ƙaras, biyu. Uku. Huɗu. Sai ya tsaya ya juyo yana kallon Baffa, don mugunta. Sannan ya saki ta biyar. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na yi ta tsalle har zanena ya faɗi.

Da hantsi uwata ta iso da ƙunshi a ka. Ta ce sun ji biyar ɗin sarai, amma me ya riƙe ta ƙarshen? Kowa ya nuna ni.

Yau kafin liman ya buɗe baki labarin wata ya riga ya shiga wayar kowa, ba mai jiran harbi. Kaka ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bindigar tana rataye a ɗakin Baffa, wanda yanzu ya fi Kaka na wancan lokacin tsufa. Masu neman tsofaffin kaya sun zo har daga ƙetaren iyaka, ya kore su da sanda. Duk azumi sai ya aiko mini da kwalba in cika masa da man keke, kuma saƙon bai taɓa canzawa ba:

"A gaya mata, ba na gyaɗa ba."