Miyar da Na Zuba wa Inna da Hannuna

Lokacin da abin nan ya faru ina aiki ne a wani kamfanin jigilar kaya da ke unguwar Al Quoz a Dubai, ina zaune da matata da jaririnmu a Al Rigga. Albashi na shigowa, kaina kuma ya yi girma, ina ganin na gama wayewa. Da na zo Dubai a 2016, abincin da muka sani a layinmu bai wuce shawarma da biryani da mandi ba. Kafin a ankara sai gidajen abincin mutanen Asiya suka fara tsirowa, kusan kowane wata a buɗe sabo, irin waɗanda za ka shiga ɗaya ka samu girkin Sin da na Tailan da na Japan duk a wuri guda. Ni kuwa na zama ɗan gida. Na koyi cin taliya da tsinke biyu, ina ɗaukar hoto ina tura wa ƙannena a Kano, ina tsokanarsu cewa su da tuwo sai mutuwa.

A 2018 na kawo mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ga jikanta kuma a duba mata gwiwa. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan dā ce masu tsananin alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in tana son wani abu sai dai ta gaya wa matata ta gaya mini, ko da muna zaune a ɗaki ɗaya. Haka na taso, ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin matsala ba. Burina kawai a lokacin shi ne ta ga inda ɗanta ya kai, ta koma gida ta ba da labari.

A makonta na farko na kai su ɗaya daga cikin gidajen abincin nan. Ma'aikaciyar da ta zo ɗaukar odarmu, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta tambaya ko a cikinmu akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci. Ban ko juya na tambayi Inna ba. Na yi dariya na ce mata mu dai in babu alade babu giya, khalas, shi ke nan, komai ci muke. Iyakar abin da Bahaushe ya iya tambaya ke nan a ƙasar waje, halal ne ko ba halal ba, kuma a Dubai ko wannan ma ba ka cika damuwa da shi ba. Na san Inna tana ƙyamar jatan lande da ƙaguwa, ƙwarin ruwa take ce musu, don haka na zaɓa mata soyayyar shinkafa da kaza. Ta ɗan taɓa kaɗan ta ajiye cokali. Na ɗauka baƙunta ce.

Abin da ban sani ba shi ne, da muka koma gida ta kira matata ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi, leɓenta ya yi nauyi, wuyanta kuma ya feso da borin jini. Matata ta ce ƙila yajinsu ne, ta ba ta zuma da ruwan zamzam, zuwa safiya abin ya lafa. Inna ta roƙe ta kada ta gaya mini, wai yaron ya yi ɗawainiya, yana ta murna, bai kamata a sanyaya masa gwiwa ba. Matata ta yi biyayya irin ta suruka ta kama bakinta.

Ranar Juma'ar da ta rage mata kafin ta koma, bayan an sauko daga masallaci, na ce yalla, ku tashi mu je, yau sai wani sabon wuri da aka buɗe kusa da tashar jirgin ƙasa na metro. Inna ta ce wa matata ita da za a bar ta ta ci sauran tuwon jiya. Na ce tuwo yana nan yana jiranta a Kano. A can aka sake yi mini tambayar nan, na sake ba da amsar da na saba. Aka kawo wata miya mai tsami da yaji wadda nake matuƙar so, ta kaza ce, ban ga komai na ruwa a cikinta ba. Na ɗauki ludayi na zuba mata da kaina, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Na ga ta sunkuyar da kai tana murmushi. Saboda ni na zuba, ta shanye tas.

Ba a jima ba ta miƙe ta nufi banɗaki, don ba ta so ta yi tari a gabana. Matata ta bi ta. Da suka fito, Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, matata ta ce Inna na son a koma gida ta kwanta. Da a ce na ɗaga mayafin nan na duba, da asibiti muka nufa. Amma kunyar da take ji ni ma ina jin ta, ban iya ƙura wa fuskar mahaifiyata ido ba. Na tare tasi muka tafi gida. A cikin lif ɗin hawa benenmu ta sulale ƙasa, numfashinta yana fita da wani irin ƙara, fuskarta ta kumbura har ban gane ta ba.

Motar asibiti ta zo da sauri, sun yi iya ƙoƙarinsu. A asibiti likita ya tambaye ni ko ta taɓa yin irin haka bayan cin abinci, na ce a'a da ƙarfina, sai matata ta fashe da kuka ta faɗi abin da ya faru a makon farko. Shi ya yi mana bayani cewa jinin Inna bai karɓi jatan lande ba, kuma su mutanen Asiya, yadda muke sa daddawa a kowace miya, haka suke sa niƙaƙƙen jatan lande a girkinsu, ko na kaza ne. Matar da ta yi rayuwarta a Kano ba ta taɓa cin abin teku ba, ina za ta san tana da wannan lalura? Ƙwaƙwalwarta ta daɗe ba iska kafin a buɗe mata hanyar numfashi. Ta yi kwanaki ba ta farfaɗo ba, sannan Allah Ya karɓi abinsa. A nan Dubai muka yi mata sutura.

Na san kwananta ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Ban riƙe matata ba, ban riƙe masu abincin ba, sun tambaya har sau biyu. Amma baƙin cikin nan bai sake ni ba, kuma ban ƙara iya bi ta ƙofar wuraren nan ba sai na tsallaka titi.

'Yan uwana da ke zaune a waje, ku da kuke kawo iyayenku su ga arziki, don Allah ku saurare ni. In aka tambaye ku a gidan abinci, kada ku amsa a madadin kowa. In baƙonku ya ci sabon abu ya fara susa ko kumburi ko tari, ku bar zuma da jiƙe-jiƙe ku nufi asibiti. Iyayenmu ba za su faɗa ba, kawaici ba zai bar su ba, ku ne za ku cire kunya ku dube su da kyau, ku tambaya, ku sake tambaya.

Da korona ta zo aka rage ma'aikata, ni ma aikina ya tafi. Abokaina suka haɗa kaya suka koma gida, ƙannena suna ta kira in dawo. Na tura matata da yaron gida, ni kuma na karɓi wani ƙaramin aiki a sito na zauna. Ni na ɗauko Inna daga ɗakinta na kawo ta garin da ba ta san kowa ba, kuma har yau na kasa hawa jirgi in bar ta a nan ita kaɗai.